Idan Yaro Ya Fi Ƙarfin Ƙurunsa: A Riƙe Ko A Sayar?

A Bungudu da Gusau da Tsafe, kamar yadda yake a sauran garuruwan sarauta na ƙasar Hausa, har yanzu akwai gidajen da ba a ganin yaro ya fara zama mutum sai ya iya zama a kan sirdi. Uba, ko kaka, ko kawu, yakan saya masa ƙuru, watau ɗan gajeren doki, tun yana ɗan shekara 6 ko 7. A kansa zai koyi riƙon linzami da sa ƙafa a likkafa, a kansa zai fara kilisa da yamma, a kansa kuma zai fara bin ayarin Sarkin Fulanin Bungudu, ko na Sarkin Katsinan Gusau, ko na 'Yandoton Tsafe, ranar hawan Sallah. To, amma shi yaro kullum girma yake yi, ƙuru kuwa ya riga ya tsaya inda Allah ya tsai da shi. Kafin a farga sai a ga ƙafafun mahayi sun kusa taɓa ƙasa. Daga nan ne muhawara kan tashi a gida: a riƙe dokin nan, ko kuwa a sayar?

Masu cewa a riƙe, hujjarsu ita ce sabo. Masu cewa a sayar, hujjarsu ita ce kuɗi. Dukansu biyu kuwa kansu suke dubawa, sun manta da wanda ake maganar a kansa. Tambayar da ta kamata a fara yi ita ce: wa zai hau dokin nan gobe, wa kuma zai ciyar da shi? Gidan da ke da amsar waɗannan biyu, to, ya riƙe abinsa. Gidan da ba shi da ita, wajibinsa ne ya nema wa dokin wani gida, kuma ya san gidan da idonsa.

Da farko dai ya kamata a san cewa fin ƙarfin ƙuru magana ce ta nauyi, tsawon ƙafa alama ce kawai. Masana kiwon dawaki sun daɗe da yin ƙiyasin cewa bai kamata a ɗora wa doki abin da ya wuce kashi 20 cikin 100 na nauyin jikinsa ba, har da sirdi da sauran kaya. Ke nan ƙuru mai nauyin kilo 250 iyakarsa kilo 50. Sirdin Hausa kuwa na itace ne, yana da nauyi, ga jalala, ga kayan adon Sallah. Idan aka cire nauyin waɗannan, za a ga cewa yaro ɗan shekara 13 ko 14 mai jiki ya riga ya kai iyaka. Abin da ke biyo bayan ƙin yarda da wannan lissafi sananne ne ga duk wanda ya taɓa zama a barga: gyambon baya, da ɗingishi, da canjin hali, har dokin da aka sani da haƙuri ya fara cizo in ya ga an ɗauko sirdi.

Na biyu, doki dabba ce mai tsawon rai. Idan ya sami kulawa yakan kai shekara 25 zuwa 30, ƙananan dawaki ma sukan wuce haka. Ƙurun da aka saya yana ɗan shekara 5, yaro ya hau shi shekara 7, yanzu shekararsa 12 ke nan, watau rabin rayuwarsa na gaba. Ya kuma kai lokacin da ya fi kowane lokaci amfani ga mai koyo, domin ya saba da kiɗan tambari da algaita, da ƙarar bindiga, da cunkoson jama'a, ba ya firgita. Irin wannan horo kuɗi ba ya sayensa a rana ɗaya. Ɗaure irin wannan doki a turke shekara da shekaru ba mahayi, hasara ce ga dokin, hasara ce kuma ga yaran unguwa da ke neman inda za su koya.

Na uku, sai batun ciyarwa, wanda shi ne ma'aikacin gwamnati ya fi ji a jikinsa. Doki yana cin busasshen abinci kimanin kashi 2 cikin 100 na nauyinsa kowace rana. Ƙuru mai kilo 250 zai ci kilo 5 na harawa da ciyawa da dusa a yini, wanda ya haura kilo 1,800 a shekara, ban da gero ko dawa, da kanwa, da ruwan da ba zai kasa lita 20 a rana ba, da magani, da haƙƙin mai kula da barga. A Zamfara kuwa damina gajeriya ce, rani ya fi rabin shekara, kuma kowa ya san yadda harawa ke tsada idan bazara ta kama. Daɗin daɗawa, rashin tsaro da ya addabi jihar ya sa shiga daji yankan ciyawa ya zama kasada, tashin kuɗin mota tun bayan janye tallafin man fetur a shekarar 2023 kuma ya ƙara wa kowane dami kuɗi. Manomin da ke da gonar wake da gyaɗa a bakin gari yana iya riƙe doki da abin da ya noma. Ma'aikacin da ke zaune a gidan haya a Gusau, wanda ana iya yi masa canjin wurin aiki a kowane lokaci, komai saye zai yi daga albashi.

Sabo kuwa ba abin rainawa ba ne. Hausawa sun ce sabo ake yi wa kuka, sun kuma ce tsohon doki sai mai shi. Yaron da ya shekara 7 yana ba dokinsa dusa da hannunsa, ba za a ce masa ya ɗauke shi kamar tsohon keke ba. Amma dai su Hausawan ne suka ce sabo turken wawa. Sau da yawa yaron da ya yi kuka don kada a sayar, shi ne zai tafi makarantar kwana, daga nan ya wuce Jami'ar Tarayya ta Gusau ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda, sai hutu yake leƙo gida. Dokin yana nan a ɗaure, kofato ya yi tsawo, ƙashin haƙarƙari ya fito, ba mai fita da shi kilisa. Wannan ba ƙauna ba ce, ɗauri ne, kuma wanda ya ɗaure dabba alhakin cinta da shanta yana wuyansa.

To, sai a sayar ke nan? A nan ma akwai abin dubawa, domin kasuwar dawaki ta yau tana da ƙofa biyu. Akwai masu saye don hawa, akwai kuma masu saye don lodi. Daga manyan kasuwannin dabbobi na Arewa, irin ta Maigatari a Jihar Jigawa wadda ke ci ranar Alhamis, ana ɗora dawaki a manyan motoci zuwa Kudu, kuma a Obollo-Afor ta Jihar Enugu akwai kasuwar da aka sani da yanka dawaki don nama. Mai sayen lodi ba ruwansa da horon doki ko haƙurinsa, jiki yake dubawa. Saboda haka magidancin da ya miƙa wa dillali ragama ya ce abin da ya samu ya kawo, ya sani cewa mai yiwuwa ne dokin da ya koya wa ɗansa hawa can ya nufa. Kasuwar ma ba kullum take a buɗe ba: a shekarar 2021 gwamnatin Zamfara ta rufe kasuwannin mako-mako, ta kuma hana safarar dabbobi na wani lokaci saboda matsalar tsaro. Wanda ya jira sai matsi ya kama shi kafin ya nemi mai saye, shi ne kan sallama a kan kowane tayi.

Akwai hanya ta uku wadda ta fi waɗannan biyu, kuma ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Ita ce a ba da dokin aro ga wani gida na dangi ko na amini inda akwai ƙaramin yaro, su hau, su ciyar, mallaka kuwa tana nan ga mai shi. Fulani makiyaya, musamman na Nijar, suna da al'adar haɓɓanaye, inda mutum kan ba ɗan'uwansa saniya ta zauna a garkensa, ya amfana da nono da 'yan maruƙa, daga baya ya mayar da uwar. A Ingila ma, inda aka kafa ƙungiyar Pony Club ta yara mahaya tun 1929, ba da aron ƙuru bisa rubutacciyar yarjejeniya abu ne da aka saba, har doki ɗaya yakan koya wa yaran gidaje da yawa hawa, ɗaya bayan ɗaya. Fiƙihun Malikiyya kuma bai bar batun a duhu ba. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid an bayyana cewa wanda ya ari dabba ba ya biya idan ta halaka, sai fa in ya ƙetare iyaka wajen amfani da ita.

Sai dai aro yana ɓata zumunci idan aka bar shi a kan kunya. Ya kamata tun ranar da za a kwance dokin a zauna gaban shaidu biyu a faɗi sharuɗɗa, in da hali a rubuta: tsawon lokacin aron, wanda zai biya kuɗin likitan dabbobi, cewa babba ba zai hau shi ba, ba za a sa shi jan kaya ko sukuwar gasa ba, ba kuma za a ba wani na uku ba sai da izini. A kuma yarda cewa mai doki yana da ikon zuwa ya duba abinsa, ya karɓe shi in ya ga rama. Takarda ɗaya a yau ta fi zaman sulhu a zauren mai unguwa gobe.

Wanda kuma buƙata ta kama shi, kamar kuɗin makaranta ko na asibiti, ya sayar, babu abin kunya a ciki, domin karatun yaro ya fi doki. Amma ya sayar da idonsa a buɗe. Ya fara sanar da ma'abota barga na garinsu da na maƙwabta, irin su Kwatarkwashi da Maru. Ya je ya ga turken da za a ɗaure dokin da yaron da zai hau. Ya faɗi shekarun dokin da aibinsa tsakani da Allah, tun da haƙora ba sa ɓoye shekaru ga wanda ya iya dubawa. Idan tayin mai lodi ya ɗara na mai hawa da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, ya ce wa mai lodi albarka.

Haka kuma kada a yanke hukunci a bayan idon yaron. Munin abin shi ne ɗalibi ya dawo hutu ya tarar da turke wayam, a ce masa ai an sayar. A zaunar da shi, a nuna masa lissafin harawa, a bar shi ya raka dokin sabon gida, ya nuna wa ƙanensa yadda ake ɗaura majayi. Ɗaliban da ke karanta wannan shafi su ma su sani cewa wanda ya ce a riƙe, to, ya ɗauki alkawarin share barga da fita kilisa, ba faɗa da baki kawai ba.

A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan dabar Kano cikin jerin al'adun gado na duniya, abin da ya faranta ran dukan ƙasar Hausa. Amma kowane mahayi da ake kallo ranar hawa, a kan wani ɗan ƙuru ya fara. Idan ƙananan dawakin da suka horu suka ƙare a cikin motocin lodi, ko suka rame a turke, babu inda yaran gobe za su koya. Zai yi kyau masarautun Bungudu da Gusau da Tsafe su ɗora wa masu kula da bargar fada aikin sanin gidajen da ke da ƙurun da aka fi ƙarfinsa da gidajen da ke nema, su riƙa haɗa su. Aikin ba ya bukatar kasafin kuɗi, littafi ɗaya da mutum mai amana sun isa. Allah ya ba da ikon sauke haƙƙin abin da aka ɗaure.