Wa Za A Danƙa Wa Sandar Makaho?

Tun daga watan Janairu na 2019, sa'ad da Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar da ta hana nuna wa naƙasassu wariya, maganarsu ta shiga bakin hukuma fiye da dā. Dokar nan ta ce kowace ma'aikatar gwamnati ta keɓe musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aikinta, ta kuma ba da wa'adin shekara 5 a gyara gine-ginen jama'a yadda gurgu zai iya shiga. Cikin 2020 aka kafa hukuma ta ƙasa domin lura da al'amuransu. Har sunan ma an sake, yanzu a ofis sai ka ji ana cewa masu buƙata ta musamman. Duk wannan abin yabo ne. Amma akwai wata magana wadda ba mu ji ana yawan ta da ita ba, watau wane irin mutum ne za a ɗauka, a yanka masa albashi, a ce ya kula da makaho, ko gurgu, ko kurma, ko mai taɓin hankali, kuma wa zai bincike shi kafin a ɗauke shi. Ita mu ke so mu tayar yau, za mu kuwa ɗauki ƙasar Yauri misali.

Masarautar Yauri ta ƙunshi ƙananan hukumomi uku na Jihar Kebbi, Yauri da Ngaski da Shanga, kuma ruwa shi ne gatanta, shi ne kuma jarrabarta. Kafin a gama madatsar ruwa ta Kainji cikin 1968, bakin Kwara a wannan yanki yana cikin wuraren da makantar kogi ta yi wa ɓarna. Wani ɗan baƙin ƙuda ne ke kawo ta, wanda ya ke haihuwa inda ruwa ke gudu da ƙarfi bisa duwatsu. In ya yi ta cizon mutum shekara da shekaru, sai ƙaiƙayi ya dame shi, daga baya ido ya dushe. Da tabki ya cika aka ta da mutum wajen 44,000 daga gungunansu da ƙauyukansu, aka kai su sababbin matsugunai. Ruwan ya shanye waɗansu wuraren da ƙudan ke haihuwa, amma wanda ya riga ya makance ya makance. Haka kuma shan-inna. An tabbatar da rabuwar Afirka da ainihin ƙwayar cutar cikin Agusta 2020, amma yaran da ta shanye wa ƙafafu tun dā ga su nan sun zama magidanta da matan aure.

A al'adarmu dangi ke ɗaukar wannan nauyi, kuma har gobe su ne ginshiƙi. Sai dai mu faɗi gaskiya, yawanci a kan ƙaramin yaro nauyin ke faɗawa. Shi ne ɗan jagora, yana gaba da sanda, kakansa na biye, tsaransa kuwa suna aji. Samari sun tafi su, ko haƙar zinariya, ko cin rani. Saboda haka ko ba jima ko ba daɗe, ƙananan hukumomi da ƙungiyoyin taimako da gidajen masu hali za su riƙa ɗaukar baƙon mutum da lada domin wannan aiki. Gwamma a shirya yadda za a zaɓe shi tun yanzu.

Mai karatu ya dubi abin da a ke danƙa wa irin wannan ma'aikaci. Shi zai ɗaga gurgu ya sa cikin jirgi a bakin ruwan Yelwa ko Wara ranar kasuwa, sa'ad da kowa ke ture kowa. Shi zai yi wa wanda rabin jikinsa ya shanye wanka, ya juya shi bisa shimfiɗa kada gyambo ya fito masa a baya. Shi zai ƙidaya wa mai farfaɗiya ƙwayoyinsa. A wannan zamani kuma har katin banki na makaho a hannunsa ya ke, ya san lambar sirri, shi ke zuwa wurin mai cirar kuɗi ya komo ya ce ga abin da aka samu. To, in ya ci amana fa? Makaho ba zai iya nuna fuskar wanda ya cuce shi ba. Kurma zai yi ta nuni da hannu, ba mai ganewa. Mai taɓin hankali kuwa ko ya faɗi gaskiya tsantsa, sai a ce ciwonsa ne ya motsa. Mugu ya san haka sarai, shi ya sa irin wannan aiki ke jawo shi kamar yadda ya ke jawo mutumin kirki. Mai ɗaukar ma'aikata da bai san da wannan ba, wata rana zai ba kura ajiyar nama, ya kuma riƙa biyanta a ƙarshen wata.

Yadda aka saba ɗaukar ƙananan ma'aikata a ƙasar nan ba ɓoyayye ba ne. A kawo takardar gama makaranta, da takardar shaidar ɗan ƙasa, sa'an nan da wata 'yar takarda daga wani babba, wadda sau da yawa ita ta fi sauran nauyi. Ba mu raina ilmi ba. Akwai Kwalejin Ilmi ta Tarayya ta musamman a Oyo tun 1977, akwai sashen ilmin naƙasassu a Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Jos, kuma wanda ya fito daga can ya san abin da mu ba mu sani ba. Amma takarda ba ta faɗin ko mutum yana da haƙuri, ko yana ƙyamar kashi da fitsari, ko hannunsa na saurin tashi.

Waɗansu za su ce a nemi takardar shaidar hali daga 'yan sanda, a kuma duba rajistar masu laifin fyaɗe wadda hukumar NAPTIP ta buɗe cikin Nuwamba 2019. Lalle a duba, ba mu yarda a ɗauki kowa ba tare da an duba ba. Amma waɗannan littattafai sun san wanda maganarsa ta kai gaban hukuma kaɗai. Laifi nawa ne a ƙauyukan bakin tabki a ke kashewa a zauren mai unguwa, a ba da haƙuri, a rufa asiri saboda zumunci, ba a rubuta ko da harafi ɗaya ba? Ko a Ingila, inda tun 2002 su ke da ofishi na musamman mai binciken tarihin laifin masu neman irin wannan aiki, cikin 2011 gidan telbijin na BBC ya ɗauki hoto a ɓoye a wani asibitin masu raunin hankali da a ke kira Winterbourne View kusa da Bristol, aka ga ma'aikata suna dukansu, suna kwara musu ruwan sanyi. Mutum 11 suka amsa laifi, aka ɗaure 6 cikin 2012. Abin da ya fi ba mu haushi cikin labarin shi ne wani babban ma'aikacin jinya ya riga ya kai ƙara tun da wuri, ba wanda ya kula shi. A nan gida kuwa ba mu manta da Rigasa ta Kaduna ba, inda cikin Satumba 2019 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300 daga wani gida da a ke kira na gyaran hali, waɗansu da mari a ƙafa. Iyaye ne da kansu suka kai 'ya'yansu, suna biya, ba wanda ya tambayi su wane ne masu tsaron.

Mu a ganinmu mutanen bakin kogi sun riga sun san wata hanya da ta fi wannan, gama sun yi aiki da ita a kan wannan makanta da muka ambata. Cikin 1987 kamfanin Merck ya yi alkawarin ba da maganin Mectizan kyauta. Da aka ga ma'aikatan lafiya ba za su iya kai shi kowane lungu kowace shekara ba, sai shirin yaƙi da cutar na Afirka, wanda aka kafa cikin 1995, ya mai da abin hannun jama'a. Ƙauye ya taru, ya zaɓi mutuminsa da kansa, a koya masa awon tsawo da sanda don sanin ƙwaya nawa za a ba kowa, da waɗanda ba a ba, watau masu ciki da ƙananan yara da masu ciwo mai tsanani, ya kuma riƙe littafin sunayen gidaje. Ba a tambayi mai rabon ko ɗan wane ne a Birnin Kebbi ba. Waɗanda za su haɗiye ƙwayar su suka ce wane muka yarda da shi.

Haka mu ke so a yi a nan. A yi tantancewar a garin da mai neman aiki ya tashi, ba a sakatariya kaɗai ba, kuma naƙasassu da kansu su zauna cikin masu tambaya, da murya daidai da ta jami'in walwalar jama'a. Ƙasar Hausa ta daɗe da sanin Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da Sarkin Kutare, ga kuma ƙungiyoyinsu na zamani. Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zubo masa. Makahon da aka yi shekara talatin ana jansa, in ya ɗora hannu a kafaɗar mutum suka yi taku ashirin a kan hanyar kwata, ya san ko mai fizga ne, ko mai faɗin ga rami ne kafin a kai ramin. Wannan jarrabawa ta fi awa guda ta tambayoyi a bayan tebur. A kuma sa mai neman aikin ya ɗaga mutum daga tabarma zuwa keke a gaban masu dubawa, a ga yadda ya ke riƙo, a ji ko ya nemi izini kafin ya taɓa.

Maganar harshe ba ƙarama ba ce. Ƙasar Yauri ba Hausawa kaɗai ke cikinta ba, akwai Gungawa da Kambari da Dukawa da Shangawa da Lopawa, kuma tsohuwar da ta makance a ƙauyen Kambari ta fi iya faɗin inda ke mata ciwo da harshen da ta sha a nono. Kurame ma haka. Abin da a ke koyarwa a makarantun kurame na Nijeriya asalinsa daga Amurka ne, alhali kuwa kurman ƙasar Hausa da bai shiga aji ba yana da tasa maganar hannu dabam. Mai takarda na iya tsayawa gabansa su kasa fahimtar juna. A nan ne kashi 5 ɗin nan na doka zai yi amfani, gama ba mu ga wanda ya fi kurman da ya yi makaranta dacewa da taimakon ɗan'uwansa kurma ba. Batun mata kuwa ba ya bukatar doguwar magana. Mace ita ke kula da jikin mace, kuma mace ce za ta shiga cikin gida ta yi binciken.

Mun san abin da za a ce mana, wai shaidar gari ma ana saye, mai unguwa zai sa wa ɗan ƙanensa hannu ko da kowa ya san halinsa. Gaskiya ne, kuma shi ne raunin wannan shawara tamu. Maganinsa kada a dogara ga baki ɗaya. A nemi shaidu biyu waɗanda ba danginsa ba, ɗaya wanda ya taɓa yi wa aiki ko koyon sana'a, a tambaye su dabam dabam, ba a gabansa ba. Kada a ce musu, yaya halinsa, gama kowa zai ce sai alheri. A ce, za ka bar shi da mahaifiyarka ku kwana uku ba ka nan? Wanda ya yi jim kafin ya amsa, ya riga ya amsa. Sa'an nan mai shaida ya sa hannu ko ya dangwala, ya san in abu ya ɓaci za a kira shi.

Akwai kuma darasi na biyu daga masu rabon Mectizan, wanda ba shi da daɗin ji. A wurare da yawa na Afirka sun yi ta barin aikin saboda kyauta su ke yi, ga gona na jiransu. Hukumar da ta tsananta bincike, sa'an nan ta riƙe albashi wata da watanni, za ta kori nagarin da ta sha wahalar zaɓa, ta bar wanda ya gano wata hanyar biyan kansa daga aljihun makaho.

Bincike kuwa ba ya ƙarewa ran da aka ba da takardar kama aiki. A sa wata uku na gwaji. Jami'i ya riƙa zuwa ba sanarwa, ya keɓe da wanda a ke kula da shi, ma'aikacin yana waje, ya duba jikinsa, ya duba lissafin kuɗinsa. Wanda ya kawo ƙara, ko maƙwabci ne ko abokin aiki, a rubuta maganarsa da kwanan wata, a amsa masa. Muna kuma roƙon shugabannin ƙananan hukumomin Yauri da Ngaski da Shanga, tare da majalisar masarauta, su buɗe littafi guda na sunayen waɗanda aka kora daga wannan aiki saboda duka ko sata ko lalata, bayan an saurare su an tabbatar. Su kuma aika da kofi zuwa Borgu ta Jihar Neja, don wanda aka kora a Wara da safe yana iya shiga jirgi ya ƙetare tabki, kafin la'asar yana neman irin aikin a ɗaya gaɓar.