Baikonmu ya iya zuwa gidan makoki, bai iya zuwa bakin kwata ba

1/ Zare ne mai ɗan tsawo, ku yi haƙuri. Ni Kirista ne, ɗan ƙasar Ngaski, kusa da Warra. Tun Ista da ta wuce nake juya maganar nan a raina, yau dai na ce bari in sauke ta. Magana ce kan baiko, da tashin matattu, da ruwan Kainji. 'Yan cocinmu, na san wasunku za su ji haushi. A karanta har ƙarshe tukuna.

2/ Ranar Laraba 26 ga Mayu, 2021, wani jirgin ruwa da ya taso daga ɓangaren jihar Neja ya dare kafin ya iso Warra. Jami'an NIWA sun ce mutum wajen 180 ne a ciki. Wajen 20 aka ceto. Ku lissafa sauran da kanku.

3/ Gwaggona tana cikin sauran. Ƙanwar babana ce, mai sayar da bandar kifi, 'yar Zumuntar Mata. Lokacin ina sakandare. Kwana da kwanaki muna zuwa bakin ruwa, masunta na shiga da kwale-kwale suna fito da gawa. Duk wadda aka fito da ita sai mu matsa mu duba zani. Ba a ga tata ba har yau.

4/ Masuntan da suka yi ta nutso ɗin nan, yawancinsu Musulmi ne. Babu wanda ya tambaya gawar wa zai ɗauko. Na faɗi wannan tun da wuri ne saboda masu jiran zaren ya zama faɗan addini su san ba nan ba ne.

5/ To, me ake yi da makokin da babu gawa? Babu kabari, babu wanka, babu inda za ka kai yara ka ce musu ga inda mamarku take. Faston da ya zo gidanmu ya karanta mana wurin nan a Ru'ya ta Yohanna sura 20, inda aka nuna cewa a ranar ƙarshe teku ma zai mayar da matattun da ya riƙe. Babana bai yi kuka ba tun ranar Laraba. A nan ya fashe.

6/ Wanda bai taɓa rasa mutum a ruwa ba ba zai gane nauyin wannan ba. A wajenmu tashin matattu ba wai ruhu ya tafi wani wuri ya huta kawai ba ne. Jikin nan ne, wanda kifi ya ci, wanda laka ta rufe, shi Allah zai tayar. Begen da muke da shi kenan, tun da Yesu ya tashi da jiki, har da tabon ƙusa.

7/ Sai kuma baiko. Gwaggo ta bar yara huɗu. A makon farko 'yan Zumuntar Mata suka zo da kwanon dawa, kwanon gero, manja, sabulu. Wannan kowa na yi, maƙwabtanmu Musulmi ma sun kawo nasu. Abin da ya ba ni mamaki shi ne ba su daina ba bayan an share makoki.

8/ Matan nan ba masu kuɗi ba ne fa. Masu tuyar ƙosai ne, masu surfe, masu sayar da itace. Suka ware wani gwangwani, kowace Lahadi a jefa abin da ya samu. Da gwangwanin nan babbar 'yar gwaggo ta gama sakandare ta zana jarabawa. Da shi aka yi wa autan magani da zazzaɓi ya kusa tafiya da shi. Ni kaina, kuɗin motar da na fara zuwa jami'a, akwai hannunsu a ciki.

9/ Na taɓa tambayar shugabarsu, na ce Mama, ba kwa gajiya? Ta ce, "Ɗana, ai zan sake ganin gwaggonka. In ta tambaye ni yaranta, me zan ce mata?" Ba ta yi makarantar tauhidi ba, ko firamare ba ta gama ba. Amma ban taɓa jin wanda ya haɗa baiko da tashin matattu a taƙaice kamar haka ba.

10/ Daga baya na gano ashe haka Manzo Bulus ya jera su. Ku buɗe 1 Korintiyawa. Sura 15 gaba ɗayanta kan tashin matattu ce, ita ake karantawa a jana'iza. Sura 16 kuwa ta fara ne da maganar tara gudummawa saboda matalautan Urushalima: kowa ya riƙa ware wani abu a ranar farko ta mako gwargwadon samunsa.

11/ Kuma ku tuna Bulus bai rubuta wasiƙar da lambobin sura ba. An raba surorin ne a ƙarni na 13, aikin da ake danganta wa Stephen Langton na Ingila. Kenan a ainihin wasiƙar, yana gama cewa an ci nasara a kan mutuwa sai ya shiga maganar kuɗi, ko numfashi bai ja ba. Mu ne muke karanta ɗaya a makabarta, ɗaya a ranar bikin godiya.

12/ Dalilin a fili yake. Wanda ya yarda cewa kabari ne ƙarshe, dole ya ƙanƙame abin hannunsa, don shi kaɗai gare shi. Wanda ya yarda akwai tashi, hannunsa ya kamata ya fi saki. Kiristocin farko sun yi suna da haka har Sarkin Rum Juliyan, wanda ya bar addinin, ya yi ƙorafi a shekara ta 362 cewa bayan nasu matalautan, suna ciyar da na masu bautar gumaka ma.

13/ Yankinmu ma ya ci moriyar irin wannan hannu. Mishan ɗin UMS, wadda ta haifi cocin UMCA, ta kafa asibiti a Tungan Magajiya da makarantar Littafi Mai Tsarki a Salka. Kakanninmu da yawa, Kambari da Dukawa da Hausawa, a can suka fara ganin allura. Kuɗin daga aljihun wasu talakawan coci ne a Kanada da Amurka waɗanda ba su taɓa ganin Kogin Kwara ba.

14/ A tsallaken ruwa kuma akwai makarantar St. Mary's ta Papiri a Agwara, ta ɗariƙar Katolika ta Kontagora. Duniya ta san sunanta ne a Nuwamba 2025 saboda satar ɗalibai. Mu kuwa mun san ta tun kafin nan a matsayin wurin da ɗan manomi yake koyon karatu a inda makaranta ke da wuyar samu. Ita ma baiko ne ya gina ta.

15/ Saboda haka duk mai cewa baiko ba ya komai sai ƙiba wa fasto, ban yarda ba. Na ga abin da ya yi da idona, na ci daga ciki.

16/ Yanzu ga inda nake da matsala da mu.

17/ Baikonmu gwani ne bayan mutuwa. In mutum ya rasu, kafin rana ta faɗi an haɗa kuɗin akwati, an ɗauko kujeru, an dafa abinci, mawaƙa sun iso. Amma kafin mutum ya mutu fa? Shekara biyar kenan da haɗarin Warra. A cocinmu, wanda ba zan faɗi sunansa ba, mun canza kwanon rufi, mun sayi janareta da lasifika mai ƙarar da ake ji har kasuwa. Ba mu sayi rigar kariya ko ɗaya ba.

18/ Kuma har yau matan da ke zuba baikon nan su ne ke hawa jirgi zuwa kasuwa, da goyo a baya, da buhu a gaba, ba su iya iyo ba. Mutanen da suka riƙe marayun gwaggo su ne ke kan layin barin nasu marayun.

19/ Ba sai na gaya wa ɗan yankin nan halin ruwan ba. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968 aka tayar da mutane sama da dubu 40 daga garuruwansu, ruwa ya haɗiye gonaki da dazuka. Kututturan itatuwan na nan a ƙasa, jirgi na dukan su. Ga lodi fiye da ƙima, ga tsofaffin jiragen katako, ga tafiyar dare. Hanyar mota kuma ko ta lalace ko tsoron 'yan bindiga ya hana bin ta, dole a bi ruwa.

20/ Ba mu kaɗai ba. A Yunin 2023 sama da mutum 100 suka mutu a Patigi ta jihar Kwara, 'yan biki ne suna komawa gida. Kogi ɗaya, labari ɗaya. Mu yi ta'aziyya a Facebook kwana uku, mu wuce.

21/ Da na je hutu bara, na ɗaga maganar a taron matasa. Wani dattijo da nake girmamawa ya ce, "Yaro, ranar mutum ba ta wucewa. Wanda ya mutu cikin Ubangiji ai ba asara ya yi ba, zai tashi." Kowa ya ce amin. Na yi shiru saboda ba a musu da babba a gaban jama'a. Amma abin ya tsaya min a wuya har yau.

22/ Baba, da girmamawa, wannan ba bege ba ne, maganin barci ne. In jikin mutum yana da darajar da Allah zai bi shi har ƙasan tafki ya tayar da shi, to yana da darajar da za mu sa masa riga kada ya nutse tun farko. Ba zai yiwu mu ce jiki na da muhimmanci a ranar ƙarshe ba, amma ba shi da muhimmanci ranar kasuwa.

23/ Yesu da kansa, yana sane zai tayar da Li'azaru nan da 'yan mintoci, sai da ya yi kuka a bakin kabarin. Bai ce wa Maryamu da Marta ai ba komai ba. In shi bai ɗauki mutuwa da wasa ba, mu su wa?

24/ Na san abin da za a ce: aikin gwamnati ne. Haka ne, kuma kada a daina matsa mata. HYPPADEC da NIWA sun raba rigunan kariya a wurare, an gode. Amma asibitin Tungan Magajiya ma ai aikin gwamnati ne a lokacin, masu baiko ba su zauna jira ba. Kuma rigar da aka raba sau ɗaya a gaban kyamara ba ta kai wadda ke da mai kula da ita kullum ba.

25/ Nan ne coci ke da abin da hukuma ba ta da shi: tana da mutane a kowane ƙauye, tana da wurin ajiya, tana haɗuwa duk mako, kuma ana jin kunyar cin kayanta. A ce mutum 100 ne a ikilisiya, kowa ya ware naira 500 a wata. Dubu 50 kenan, dubu 600 a shekara. Ba sai an taɓa zakka ko albashin fasto ba. Gwangwani na biyu kawai.

26/ A sayi riguna, a rubuta musu lamba, a ajiye su a hannun wani amintacce a bakin kwata. Ka karɓa in za ka hau, ka mayar in ka dawo. A nemo da ƙanana saboda yara, don yawancin waɗanda ake rabawa na manya ne, uwa kuma ba za ta sa riga ta bar ɗanta haka ba.

27/ Ba na yaudarar kaina. Wasu za su ce rigar na da zafi. Wasu za su ce sa ta kamar kiran mutuwa ne. Wasu rigunan za su ɓata, wata ma ka gan ta a kasuwa. Kuma riga ba ta hana mai jirgi yin lodin mutum 180. Amma matan Zumunta in suka haɗa baki suka ce ba ma hawa in an wuce ƙima, mai jirgi zai ji a aljihunsa. Su ne fasinjojinsa.

28/ Sharaɗi ɗaya da ba zan sassauta ba: rigar ta kowa ce. Ba tambayar suna, ba wa'azi a bakin jirgi, ba buga sunan coci ƙato a baya. Na san zargin da ake wa kyautar Kirista, cewa ƙugiya ce da aka sa wa tana. Wani lokacin zargin na da tushe, mu daina musu. Maganinsa shi ne a bayar a juya baya, kamar yadda masuntan nan suka yi mana.

29/ 'Yan'uwa Musulmi da ke karantawa, ku ma kun yi imani da tashin ƙiyama, kuna da sadakatul jariya. Ban zo koya muku addininku ba. Ina dai cewa in masallacin Juma'a ya ajiye nasa gwangwanin, kwata ɗaya muke amfani da ita, sai a haɗa a rumfa ɗaya.

30/ Babbar 'yar gwaggo yanzu ita ta gaji sana'ar. Bandar kifi, jirgi, kasuwa. Na ce mata ba kya tsoro? Ta yi dariya ta ce, "Yaya, to in ci me?" Da kuɗin alawus ɗina na watan jiya na saya mata riga ɗaya a Yawuri. Ta turo min hoto, ta sa ta a kan atamfa, ta ce mata a jirgi sai tsokanar ta suke wai ta zama 'yar sanda.

31/ Biyu daga cikinsu sun tambaye ta nawa ake sayarwa. In na je gida ƙarshen zangon nan zan sake kai maganar, wannan karon ba taron matasa ba, wajen Mama shugabar Zumunta zan fara. 'Yan Warra, Yawuri, Shanga, Agwara, duk wanda cocinsu ko masallacinsu ya taɓa gwada irin wannan, ya faɗa min yadda kuka yi da maganar ajiya, don ita ce dattawa za su fara tambaya ta.