Banki ya cire maka ajiyo: kafin ka yi zagi, ka karanta abin da ka sa wa hannu?

Ranar Asabar a fadarmu, shayi na biyu bai ma sauka ba, wani abokinmu malamin makaranta ya miƙo mana wayarsa yana huci. Albashi ya shiga, amma banki ya zabtare wani abu da sunan ajiyo. Ya ce sata ce tsirara. Kowa ya kama masa. Ni kaɗai na tambaye shi: kuɗin da ka cira kafin layya, alhali asusunka ba ko dala, na wane ne? Ya yi shiru. Da ka je neman dekuber, an ba ka takarda? An ba shi. Ka karanta? Ya ce layi ya yi tsawo, rago kuma yana jira.

Na san maganar nan ba za ta yi wa wasu daɗi ba, tunda a nan mun saba nuna wa manya yatsa. Amma dekuber bashi ne. Banki ya bar ka ka ciri abin da ya wuce naka, ka zarce ƙasa da sifiri, shi kuma ya ɗora kuɗin ruwa a kan kowace ranar da ka kwana a ramin. Saboda ba a ƙirga maka shi a hannu kamar bashin mai kanti ba, sai ya yi kama da kuɗinka. Albashi na faɗowa ramin ya haɗiye shi, kafin ranar 15 ka sake komawa. Akwai ma'aikatan da suka shekara ba su ga asusunsu a saman sifiri ba, kuma da ka tambaye su ko ana bin su bashi sai su ce a'a. Batun riba kuwa, malamai sun yi bayani, kowa ya san tsakaninsa da Allah.

To ina alhakinmu yake? Ba cewa nake ka biya ka yi gum ba. Alhakinka shi ne ka san lissafin. Ga misali. A 2014 hukumomin kuɗi na yankinmu na UMOA sun sauko da iyakar kuɗin ruwan bankuna daga kashi 18 zuwa 15 cikin 100 a shekara. Ɗauki wannan 15 ɗin: in ka zarce da jika 50 na kwana 20, ruwan zai kama kusan CFA 410, wato dala 82. Shi ke nan fa. In ka ga an cire maka jikkuna, to ba ruwa kaɗai ba ne, akwai kamasho, akwai kuɗin buɗe dosiye, akwai haraji, ko tarar wuce iyakar da aka yarje maka. Kowane layi yana da suna, kuma kana da haƙƙin a faɗa maka shi. Wanda bai san dala 82 ɗin nan ba, da me zai yi gardama a gaban gishe? Ihu kawai zai yi, a ba shi haƙuri, ya fito.

Kuma tun watan Oktoba na 2014 babban bankinmu BCEAO ya wajabta wa bankuna yin wasu ayyuka kyauta. Cikinsu akwai ba ka takardar lissafin asusunka sau ɗaya a wata, da takardar da ke tattara duk kuɗin da suka cire maka a shekara, har da rufe asusu in ka gaji da su. Mu nawa ne muka taɓa neman takardar shekarar nan? A fadarmu mu tara ne, babu ko ɗaya, har da ni mai wannan surutu.

Ban wanke bankuna ba. Takardar da ake miƙo maka da Faransancin lauyoyi take, da ƙananan haruffa, a ƙasar da mafi yawan jama'a Hausa suke ji. Ba wanda zai zauna ya warware maka. Akwai kuma lokacin da laifin ba naka ba ne sam: albashi ya makara, banki ya ciri kason bashinka a ranar da aka saba, asusu ya faɗa rami, sannan a caje ka. Duk wanda ya bi layin banki bayan takunkumin 2023 ya san yadda lissafin mutum ke rikicewa ba da son ransa ba. Irin wannan ya cancanci mu haɗu mu yi magana da murya ɗaya. Amma in muka cakuɗa shi da na mai ragon da ya fi ƙarfin aljihunsa, mun ba su hujjar watsar da kukanmu gaba ɗaya.

Abokin namu ya koma ranar Litinin, ya nemi takardar wata uku. Ya tarar da abu biyu: ruwan da ya amince nasa ne, da wani kamasho da har yanzu yake jiran a yi masa bayaninsa a rubuce. Ya kuma ce a rage masa iyakar dekuber ɗin zuwa rabi kafin komawar yara makaranta.