Filin Adon Mata: Agogon Hannu Mai Wani

 Yau ina so mu taɓa zancen tsohon agogon nan mai wani, wanda da yawanmu muke gani a ƙasan akwatin Hajiya ko aljihun Baba, mu yi tsaki mu ce ai tsohon yayi ne.

Kin san kuwa da mu mata aka fara? A 1810 sarauniyar Naples ta ƙasar Italiya, Caroline Murat, ta sa gwanin maƙerin agogo Breguet ya yi mata na ɗaurawa a hannu. Su maza na aljihu suke riƙewa, sai da yaƙin duniya na 1914 zuwa 1918 ya tilasta wa sojoji ɗaura shi, sannan ya bazu a cikinsu.

Shi wannan agogo babu ruwansa da batir. Idan kin murɗa kan nan na gefe, siririn ƙarfe ne kike naɗewa a ciki, yana warwarewa a hankali yana tura 'yan ƙafafu masu haƙora. Wanda ya ci jarrabawar inganci ta ƙasar Suwizalan, a rana ba ya wuce jinkirin daƙiƙa 4 ko saurin daƙiƙa 6. Ba banza ba ake masa kirari da sarkin aiki!

A 1969 kamfanin Seiko na Japan ya fito da mai batir, wanda ya fi shi daidaito, daga baya kuma ya yi araha, har masana'antu da dama suka durƙushe a Suwizalan. Amma yanzu masu tara tsofaffin agoguna nema suke ido rufe, musamman irin su Omega da Rolex idan na asali ne.

Don haka 'yar uwa, kada dillaliya ta yi miki daɗin baki ta karɓe gadonki, ta musanya miki da mai ƙyalƙyali wanda wata shida ya koɗe. Ki riƙa yi masa wani kullum da safe, da kin ji ya yi tauri ki tsaya. Ki nisanta shi da ruwa da sifikar rediyo, don maganaɗisu na rikita masa lissafi. In ya tsaya, ki kai wa dattijon mai gyara ya wanke ya sa mai, kina tsaye a wurin.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.