Mai Rubuta Manhaja, Bar Wa Na Baya Dalili

Yau kam ba maganar kasuwa ko ta siyasa na kawo ba, magana ce ta sana'ar da yaranmu da dama a nan Legas suka fara rungumarta, wato rubuta manhajar kwamfuta. Wanda ba harkarsa ba ce ya yi haƙuri ya biyo ni, don zai ga abin ya shafe shi.

Akwai manhajojin da ake kira buɗaɗɗu, irin su Linux da Linus Torvalds ya fara a 1991, waɗanda kowa ke da damar ya buɗe cikinsu ya karanta umarnin da aka rubuta, ya gyara, ya ƙara. A tsakanin layukan umarnin nan mai rubutu yana iya saka ɗan bayani da harshen mutane. Kwamfuta ba ta karanta shi, tsallake shi take yi, don ɗan Adam aka rubuta. Ni sharhi nake ce masa. Duk wanda ya zauna gaban malami da Muhtasar ya san abin da nake nufi: matanin a dunƙule yake, shi ya sa Dardir ya yi masa sharhi, Dasuƙi kuma ya zo ya yi wa sharhin hashiya. To ra'ayina shi ne, manhajar da aka baza a fili ba tare da an bayyana dalilan da ke cikinta ba, sunanta kawai buɗaɗɗiya.

Ga abin da ya faru a Debian, ɗaya daga cikin manyan rassan Linux. Akwai manhajar OpenSSL wadda ke ƙera makullan sirri da ake kare saƙonni da su a intanet. Ƙarfin makulli yana ga yadda ba mai iya cankarsa, don haka manhajar kan tattaro bayanai barkatai daga wurare daban-daban ta cakuɗa su kafin ta fitar da shi. A 2006 wani mai kula da ita a Debian ya ga manhajar bincike mai suna Valgrind tana ta ƙorafi a kan wasu layuka biyu masu kama da juna. Mutumin nan bai yi gaban kansa ba, sai da ya tambayi masu OpenSSL, amsar da ya samu kuma ba ta hana shi ba. Sai ya kashe layukan duka biyu. Ɗaya ba wata ɓarna a cire shi. Ɗayan kuwa shi ne ƙofar da kusan duk abin cakuɗawar ke shiga ta cikinta, kuma ba a rubuta wani gargaɗi a kansa ba.

Abin da ya rage a tukunyar shi ne lambar da Linux ke bai wa kowane aiki da ke gudana, ita kuwa a lokacin ba ta wuce 32,768. Ma'ana, maimakon makullai marasa ƙirguwa, kowane nau'i ya koma 'yan dubu talatin da biyu da ɗoriya, abin da ɓarawo zai gwada ɗaya bayan ɗaya yana shan shayi. Haka aka zauna tun daga watan Satumba na 2006 har Mayun 2008, lokacin da Luciano Bello, ɗan ƙasar Ajantina, ya gano. Ubuntu ma ta kwashi nata rabon tunda daga Debian take ɗiba. Cikin 'yan kwanaki aka wallafa jerin makullan a intanet, dole masu sabar a ko'ina suka zauna sauya nasu. Bayan an yi ɓarin ne masu OpenSSL suka rubuta gargaɗi da manyan baƙaƙe a saman layin, cewa kada a kuskura a cire shi, da bayanin abin da zai biyo baya in an cire. Jimla uku ko huɗu ce fa, jama'a.

Kada ku ce sai Turawa. Ni ma na taɓa yi wa kaina. Na rubuta wa wasu 'yan uwanmu masu sauke kayan gwari wata 'yar manhaja ta lissafin kuɗin da ake karɓa. Bayan wata takwas na dawo gyara, sai na ga layin da ke ƙara awa ɗaya a kan kowane lokaci. Na duba sama da ƙasa ban ga dalili ba, na ce shirme ne, na goge. Ashe sabar da muke haya da agogon GMT take aiki, Nijeriya kuwa tana gabansa da awa ɗaya. Duk wanda ya san Mile 12 ya san motocin tumatur da dare suke isowa. Sai duk kuɗin da aka karɓa tsakanin sha biyun dare da ƙarfe ɗaya ya riƙa faɗawa cikin lissafin jiya. Kwana uku ana kallon yaron da ke riƙe da littafi da wani irin ido, alhali bai ci kwabon kowa ba. Wallahi har yau in na tuna sai kunya ta kama ni. Ni na rubuta layin, ni na manta dalilinsa, wani kuma ya kusa rasa mutuncinsa.

Na san abin da gwanaye za su ce: rubutu mai tsabta ba ya buƙatar sharhi, in ka raɗa wa kowane abu suna mai ma'ana zai bayyana kansa. Suna da rabin gaskiya. Sharhin da ke maimaita abin da ido ke gani, a rubuta "ƙara ɗaya" a gefen layin da ke ƙara ɗaya, ɓata wuri ne. Wanda ya fi shi muni shi ne tsohon sharhi, an gyara umarni an bar bayanin jiya, ya koma yana yi wa mai karatu ƙarya. Amma suna mai kyau abin da layi ke yi kawai yake faɗa. Ba ya faɗa maka me ya sa aka bi ta nan, me aka gwada ya ƙi, me zai rushe in ka taɓa. Haka su ma manhajojin ƙirƙirarriyar basira da yaranmu ke tambaya yanzu. Za su fassara maka layi tsaf, amma dalilin da ya tafi a kan mai shi sai dai su yi maka kintace.

Ko manya ma sun taɓa gazawa. A cikin Unix bugu na shida na 1975 akwai wani sharhi da ya yi suna, wanda ma'anarsa ita ce ba a sa ran mai karatu zai fahimci wannan wurin. Daga baya Dennis Ritchie ya amsa cewa su kansu ba su gama fahimtar abin da ke faruwa a wurin ba. Ni dai na yaba masa, don ya fi wanda zai yi shiru ya bar ka kana zargin ƙwaƙwalwarka.

Abin da ya sa na damu shi ne yadda yaranmu ke koyo. Yaron da ke Agege ko Sabon Ibadan, wanda da rana yake taya babansa a shago, ba shi da wani ubangida a kamfani da zai zaunar da shi. Malaminsa shi ne rubutun wasu da yake karantawa a GitHub da dare, in akwai wuta da data. In ya tarar da bayani ya ƙaru, in bai tarar ba sai ya kwafa ya liƙa bai san me ya ɗauko ba. Kuma mu mutanen tafiya ne. Wanda ya rubuta wa ƙungiya manhaja bana, baɗi yana Abuja ko ya koma Kano ya yi aure, lambar wayarsa ma ta sauya.

Wani ɗalibi ya tambaye ni ko da Hausa zai rubuta sharhinsa. Na ce masa in aikin na duniya ne, da ɗan Indiya da ɗan Barazil a ciki, ya yi da Turanci mai sauƙi, ko da guragu ne, ba mai yi masa dariya. In kuwa na ƙungiyarmu ne, wanda Bahaushe zai gada, ban ga laifin Hausa ba. A tawa manhajar ta 'yan gwari, da na mayar da layin nan, abin da na rubuta a samansa shi ne: "Sabar tana kan GMT, mu muna gaba da awa ɗaya. In ka cire wannan, kuɗin tsakar dare zai koma lissafin jiya." Yaron da ya karɓi aikin daga hannuna ya ce ya gani, bai taɓa wurin ba.