Sharhi: Yanayin zafi da lokutan saran maciji a yankin Inkil

A Inkil, da ke gabashin birnin Bauchi a kan hanyar Gombe, gidaje na ci gaba da kutsawa cikin gonaki da gindin duwatsu. Wannan na ƙara haɗa mutane da macizai wuri guda, kuma lokacin haɗuwar yana da alaƙa da yadda jikin maciji ke aiki.

Jikin ɗan Adam yana riƙe ɗuminsa a kusan digiri 37 a ma'aunin Salshiyos, ko ana hunturu ko ana bazara. Maciji da ƙadangare da kada da kifi kuwa daga waje suke samun nasu ɗumin. Ana kiransu masu sanyin jini, amma sunan bai cika daidai ba, domin ƙadangaren da ya sha hantsi a kan katanga jininsa na iya kusan kai na mutum zafi. Abin da suka rasa shi ne ikon samar da isasshen ɗumi daga cikin jiki, ga shi kuma ba sa gumi. Saboda haka sauya wuri ne dabararsu: su fito rana idan sun ji sanyi, su shige rami idan zafi ya yi yawa.

A watannin Disamba da Janairu sanyi na rage wa maciji kuzari. A Maris da Afrilu, lokacin da zafin Bauchi kan kai digiri 40, yakan ɓuya da rana a ƙarƙashin dutse, ko tarin bulo, ko gindin randa, ya fito bayan magariba, daidai lokacin da mutane ke shimfiɗa tabarma a tsakar gida don shan iska. Da saukar damina ruwa kan cika ramuka, manomi kuma ya shiga gona, sau da yawa ba takalmi. Da kaka ɓeraye na bin damman hatsi, macizai na bin ɓerayen.

Wadda ta fi yin ɓarna a wannan shiyya ita ce kububuwa, da ake wa laƙabi da gobe-da-nisa. Ƙarama ce, launinta ya saje da ƙasa, dafinta kuma yana hana jini daskarewa, har mutum ya riƙa zubar da jini ta dasashi. Asibitin da ya yi suna wajen maganin saranta yana Kaltungo a Jihar Gombe, tafiyar fiye da kilomita 200 daga Bauchi.

A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya saran maciji cikin cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi, a 2019 kuma ta fitar da shirin rage mace-mace da nakasa da rabi kafin 2030. Ƙiyasinta ya nuna mutum 81,000 zuwa 138,000 ke mutuwa duk shekara a duniya. Magungunan EchiTAb, waɗanda aka haɗa domin macizan Najeriya, a ƙasashen waje ake sarrafa su, don haka kowane jinkirin sayowa kan majinyaci yake ƙarewa.

Tunda an san watannin haɗari, babu hujjar jiran sai an fara kawo majinyata kafin a nemi magani. Ya kamata a tanade shi a manyan asibitoci tun kafin ruwan farko, a sake duba ajiyar kafin girbi. Mazauna unguwa kuma takalmin roba mai tsawo, da tocila da dare, da kwana a kan gado cikin gidan sauro da aka cusa gefensa, suna rage haɗarin sosai. Idan sara ya auku, likitoci sun hana ɗaure wurin da igiya, ko tsaga shi, ko tsotsar dafin. A hana gaɓar motsi, a garzaya da mutum asibiti ko da bai fara jin jiki ba, domin zubar jinin kububuwa kan ɗauki sa'o'i kafin ta bayyana.