Tuba Tana Shafe Zunubi, Amma Ƙwaƙwalwa Ba Ta Mantuwa

 

Ƴan uwa, bayan huɗubar Juma'a wani dattijo ya tare ni a ƙofar masallaci. Ɗansa ya bar shan ƙwaya wata biyu, ya yi rantsuwa, ya kama sallah, sannan ya koma. Ya ce ya yanke shawarar korar sa, domin tubarsa ta munafunci ce. Na ce masa: Alhaji, dakata. Amsar da na ba shi ita ce nake rubutawa a nan, don iyaye da yawa a Yamai suna cikin wannan hali.

Da farko, kada wani ya ce hodar iblis matsalar Turawa ce, mu hanya kawai take bi ta wuce. A watan Janairun 2022 an kama kilo 214 nata a motar magajin garin Fachi, a jihar Agadas. A Maris ɗin 2021 an kama tan 17 na tabar wiwi a nan Yamai. Kayan da ke ratsa gari sai ya bar ɓurɓushi, kuma tiramol ya riga ya share masa fage a fadojin matasanmu.

Hukuncinta a fili yake. Hadisin Muslim ya sanya duk mai sa maye cikin hukuncin giya. Masu fakewa da Imam Ƙarafi, wai a littafinsa Al-Furuƙ ya raba mai sa maye da mai ɓata hankali, su sani rabon nan ya shafi haddi ne da najasa. Bai halatta wa kowa ya sha abin da zai gusar masa da hankali ba. Kare hankali yana cikin abubuwa biyar da shari'a ta zo ta tsare.

Aya ta 91 a Suratul Ma'ida ta nuna cewa burin Shaiɗan game da giya shi ne ya kange mu daga tuna Allah da sallah. Ku riƙe kalmar nan ta tunawa, domin a nan masu bincike suka tarar da ɓarnar. Suna sa ɓera a akwati mai ɗaki biyu, su yi masa allurar hodar a ɗaki ɗaya, ruwan gishiri a ɗayan. Bayan kwanaki su bar shi ya zaɓa ba tare da allura ba, sai ya riƙa komawa ɗakin hodar. Hodar tana hana ƙwaƙwalwa kwashe sinadarin dofamin, sai ya taru, sai wuri da ƙamshi da sauti su manne da daɗin da aka ji. A 2001 masu bincike a Amurka sun nuna cewa ɓerayen da aka raba da hodar kwana 60 sun fi neman ta, idan suka ga alamar da suka saba, a kan waɗanda aka raba kwana ɗaya. Wato kwaɗayin yana ƙaruwa a lokacin da iyaye suke zaton an warke.

Wani zai ce: Liman, me ya haɗa ɗan Adam da ɓera? Ɓera ba shi da imani, ba shi da hisabi, kuma ban ce bincikensa ya cire wa mai laifi laifinsa ba. Amma Allah ya aiko hankaka ya koya wa ɗan Annabi Adamu binne gawa. Wanda ya ƙi darasi saboda ƙanƙantar mai koyarwa, girman kai ne ya hana shi.

Addininmu ma ya riga su. A hadisin Buhari da Muslim, mutumin da ya kashe rai ɗari ya nemi tuba, malamin bai tsaya ga yi masa bushara ba, ya umarce shi ya bar garinsu ya koma wurin mutanen kirki. Mu kuwa yaro zai tuba, mu mayar da shi fada ɗaya, tabarma ɗaya, butar shayi ɗaya, abokai ɗaya, da lambar dillali cikin wayarsa, sannan mu yi mamakin faɗuwarsa. Wanda ya ajiye tunkiya a bakin ramin kura ba shi da bakin kuka.

Ina kuma jan kunnen masu sayar da waraka. Likitoci sun gwada wa ɓeraye maganin hawan jini mai suna propranolol daidai lokacin da aka tayar musu da tunanin hodar, tunanin ya yi rauni. A kan mutane amfanin bai yi ƙarko haka ba, kuma har yau babu wata ƙwaya da aka tabbatar tana warkar da jarabar hodar iblis. To wanda ya ce maka yana da garin magani na kwana bakwai, ya karɓi jikkunanka, ya ci haram. Wanda ya sa wa ɗanka mari a ƙafa yana dukansa da sunan ruƙiyya, shi ma zai amsa tambaya gaban Allah. Mari yana ɗaure ƙafa, ba ya kaiwa ga abin da ke cikin kai.

An sha kawo wani sahabi gaban Annabi (SAW) saboda shan giya. Da wani ya la'ance shi, Annabi ya hana, ya shaida cewa yana son Allah da Manzonsa. Wa ya fi Annabi kishin addini a cikinmu?

Wajibin uba shi ne ya raba ɗansa da fadar, ko da za a tura shi wurin dangi a wani gari, ya canza masa lambar waya, ya kai shi sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Babban Asibitin Ƙasa ba tare da jin kunya ba, ya sama masa sana'a, ya riƙe hannunsa zuwa sallar asuba. Wajibin jama'a su buɗe masa sahu su daina nuna shi da baki. Wajibinmu limamai mu ƙi karɓar kuɗin dillalai, ko da siminti ne na ginin masallaci, domin Allah ba ya karɓar sai mai tsarki.

Alhaji, in ka kore shi yau, ƙofar dillali ce kaɗai za ta buɗe masa.

Allah ya shiryi zuriyarmu, ya tsare mana hankulanmu, ya ba Nijar zaman lafiya.